Joe Strummer: Mu Auna Mawaƙin da Ingila Ta Yi Ma Kuka

Yau za mu kai ku ƙasar Ingila, mu duba aikin wani mawaƙi da yadda masoyansa sunka yi makokinsa. Sunansa Joe Strummer. Ya rasu ran 22 ga watan Disamba 2002, yana da shekara 50. Ya fita yawo da karnukansa, ya komo gida, sai zuciyarsa ta tsaya. Likitoci sunka ce da ciwon anka haife shi, ba wanda ya sani.

Da labari ya bazu, mutane da yawa sunka yi kuka, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Kun san ranar mutuwa kowa alheri yake faɗi. To, yanzu da hawaye sunka bushe, bari mu ɗauko mudu mu auna aikin mutumin.

Mi ne ne kiɗan pank?

A shekarar 1976 matasan Ingila suna cikin matsi. Marasa aikin yi sun zarce miliyan 1. Yaro ya gama lakkol, ya nemi aiki, babu. Manyan mawaƙan lokacin kuwa sun yi arziki, sun yi nisa da talaka. Sai waɗansu samari sunka ɗauki ganguna da gitar mai aiki da lantarki, sunka fara wani kiɗa mai sauri, mai ƙara, wanda ba ya bukatar doguwar koyo. Waƙa ɗaya minti 2 ce ko 3. Da tsawa ake yin ta, kamar mai faɗa a kasuwa. Shi ne anka sa ma suna pank.

Sunan yanka na Strummer John Mellor. An haife shi a Ankara, ƙasar Turkiyya, a 1952, inda ubansa yake aiki a ofishin jakadancin Ingila. Ke nan shi ba ɗan talaka ba ne. Amma da ya girma ya bar daɗin gida. Ya yi aiki a maƙabarta, ya yi kiɗa a tashoshin jirgin ƙasa na Landan ana jefa masa ƴan kuɗi, ya kwana cikin gidajen da masu su sunka bari. Strummer laƙabi ne, ma'anarsa mai kaɗa tsirkiyar gitar. A 1976 ya haɗu da Mick Jones da Paul Simonon, sunka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Clash, wato karo.

Inda ya cancanci yabo

Na farko, abin da ya zaɓa ya yi waƙa a kai. Bai yi kirarin mai mulki ba, bai yabi mai kuɗi don ya samu kyauta ba. Ya yi waƙar saurayi mai neman aiki, da tsadar haya, da ɗan sanda mai tare yaro a hanya ba dalili. Wanda ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi ma karen mota waƙa zai gane irin wannan zaɓi, ko da yake kiɗan nasu ba iri ɗaya ba ne.

Na biyu, ya tsaya da baƙi. A lokacin akwai wata jam'iyya a Ingila mai son a kori baƙar fata da mutanen Asiya. Ƴan Clash sunka ɗauko kiɗan rege na mutanen Jamaika mazauna Landan, sunka gauraya da nasu. Ran 30 ga Afirilu 1978 sunka yi wasa a filin Victoria Park, gaban dubban mutane da sunka taru don ƙin wariyar launin fata. Wannan gauraya ita ce ta sa kiɗansu ya daɗe. Makaɗan pank da yawa sun tsaya ga ƙara kaɗai, bayan shekara biyu kunne ya gaji da su. Faifan Clash mai suna London Calling, na 1979, har yau ana sauraronsa, don kowace waƙa da irin tafiyarta.

Na uku, ya tuna da aljihun mai saye. London Calling faifai 2 ne, amma an sayar da shi kuɗin faifai 1. A 1980 sunka fitar da Sandinista, faifai 3, sunka yafe wani kaso na ribarsu don ya yi araha. Yi ma talaka waƙa da baki abu ne mai sauƙi. Rage kuɗin da zai shiga aljihunka saboda shi, nan ne ake gane mai gaskiya.

Inda ya kasa

Kowane allazi da nasa amanu. Aibi na farko yana cikin waƙar kanta. Muryar Strummer kaushi gare ta, ganguna kuma suna danne ta. Sau da yawa mai sauraro ba ya jin komi sai amshi. Waƙarsu ta farko, White Riot, ta 1977, kira ce ga matasa farar fata su tashi su nemi hakkinsu kamar yadda baƙar fata sunka yi. Amma waɗansu sunka ji sunan kaɗai, sunka ɗauka waƙar ƙin baƙar fata ce.

Haka ta faru da Rock the Casbah, ta 1982. Labarin wani sarki ne da ya hana talakawansa kiɗa, ya tura jiragen yaƙi su hukunta su, matuƙan jiragen sunka ƙi. A lokacin yaƙin Iraƙi na 1991 sojojin Amurka sunka mai da ita waƙarsu. Cikin wani fim da anka yi kan rayuwarsa a 2007, wani abokinsa ya ce Strummer ya yi kuka da ya ji an rubuta sunan waƙar a jikin bam. Laifin sojoji ne, gaskiya. Amma mawaƙin ma yana da nasa kaso. Magana zarar bunu ce. Wanda yake son a gane shi, dole ya bari a ji abin da yake faɗi.

Aibi na biyu, kuɗi. A 1977 Clash ta sa hannu da babban kamfanin faifai na Amurka, CBS, kan fam 100,000. Masoya da yawa sunka ce an ci amanarsu. A 1991 kuma anka sa wata waƙar ƙungiyar cikin tallar wandon Levi's. Waƙar ta Mick Jones ce, amma sunan Clash ne a kanta.

Aibi na uku, zama da abokai. A 1982 anka kori mai ganga, Topper Headon, saboda shan ƙwaya. A 1983 Strummer da Simonon sunka kori Mick Jones, wanda shi ne mai tsara yawancin kiɗan. Faifan da ya biyo baya bai yi armashi ba, ƙungiyar ta watse a 1986. Mai kiran duniya ta haɗa kai ya kasa riƙe mutum huɗu. Shi da bakinsa ya yi nadama daga baya.

Makoki iri biyu

Ƙarshen rayuwarsa ya gyara da yawa. Daga 1998 ya riƙe wani shiri a gidan rediyon BBC, sashen Ingilishi, yana sa ma duniya faifan makaɗan Afirka da Jamaika da Kudancin Amurka. Ran 15 ga Nuwamba 2002, masu kashe gobara na Ingila suna rikicin albashi da gwamnati har da yajin aiki, sai ya yi wasa a unguwar Acton ta Landan don a tara masu kuɗi. A daren nan Mick Jones ya hau dandali, sunka yi kiɗa tare, karo na farko cikin kusan shekara 20. Bayan sati 5 Strummer ya rasu.

Masoya sun yi makoki ta hanyoyi dabam-dabam. An zana hotonsa a bango a birnin New York. An buga fuskarsa a riguna ana sayarwa. A watan Maris 2003 an sa sunan Clash cikin gidan tunawa da manyan makaɗa na Amurka. Wannan duka ba laifi, amma mai araha ne. Mutum yana iya sa rigar, bai taɓa tsayawa ya ji abin da waƙar take cewa ba.

Ga kuma ɗaya makokin. Ranar jana'izarsa, 30 ga Disamba, masu kashe gobara sunka zo da motarsu sunka raka gawar. Su sun san abin da ya yi masu. Matarsa da abokansa sunka kafa wata gidauniya mai taimakon sababbin makaɗa. A 2004 mawaƙin Aljeriya Rachid Taha ya sake rera Rock the Casbah, da baitocinta cikin Larabci, ya ƙwato ta daga bakin bam ya mai da ita ga masu rawa.

A ganinmu wannan na biyu shi ne makokin da ya dace da mutumin. Strummer bai da zaƙin murya, bai ƙware da gitar ba, ya kuma ɓata da abokansa. Amma in an ɗora abin da ya rera a gefe guda, abin da ya aikata a ɗaya gefen, ma'aunin bai karkace da yawa ba. Mawaƙa kaɗan ne za a iya faɗa ma haka.

Ku ma, ran da wani mawaƙin da kuke so ya kwanta dama, ku yi wannan tambaya kafin ku shiga yabo: wa ya yi ma waƙa, kuma su wa sunka zo rakiyar gawarsa?

Sai wani jiƙo.