"Ban Sani Ba": Daga Kasuwar Atina Zuwa Zaurukan Bakori

A zaurukan karatu na Bakori, idan malami ya gama amsa tambaya, yakan rufe da "Allahu a'alamu". Yawan maimaitawa ya sa kunne ya daina jin nauyin kalmar, alhali a asalinta iƙirari ce mai wuyar fita daga bakin babba: sanina a nan ya tsaya.

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atina a ƙasar Girka suka gurfanar da Sukurat, dattijo mai kimanin shekara 70, bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin gumakan gari. Almajirinsa Aflatun ya rubuta yadda ya kare kansa. A cewar Sukurat, abokinsa Kairefon ne ya je matsafar Delfi ya tambaya ko akwai wanda ya fi Sukurat hikima, aka ce masa babu. Abin ya ɗaure wa Sukurat kai, sai ya shiga gari neman wanda zai ƙaryata zancen. 'Yan siyasa ya same su fanko. Mawaƙa suna fitar da zance mai daɗi, amma ba su iya warware ma'anarsa. Masu sana'ar hannu ne kaɗai suka san abin da shi bai sani ba, sai dai gwanintarsu a abu ɗaya ta ruɗe su, suna ganin sun iya komai. Fifikon Sukurat a kansu guda ne: abin da bai sani ba, ba ya zaton ya san shi.

Kashi na uku, masu sana'ar hannu, shi ya fi kusa da ƙasar noma. Manomin masara tsakanin Bakori da Funtuwa ya san ƙasarsa, ya san ruwan shuka da ruwan yaudara, kuma wannan ilimi ne na gaske. Amma a 2016 wata tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Najeriya, mai shiga ƙoƙon masara ta cinye shi daga ciki. Shekara arba'in a gona ba ta koya wa kowa halinta ba. Wanda ya ce "wannan baƙuwa ce" ya nemi malamin gona, ya fi kusa da tsira da amfaninsa a kan wanda ya ce tsutsa ai tsutsa ce.

Zaure yana da sunan wannan bambanci tun da daɗewa. Jahilci basiɗi shi ne na wanda bai sani ba. Murakkabi, mai hawa biyu, shi ne na wanda bai sani ba kuma yana ganin ya sani. Kuma tunanin Girkawa ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Manɗiƙin Aristo, almajirin Aflatun, ya iso ta hanyar Larabci. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare wannan fanni a musayar baitoci da Suyuɗi. Marubucin Ahalari, littafin da yaro ke koyon tsarki da salla a cikinsa, shi ne ya tsara littafin Sullam a manɗiƙi. Uwa-uba, wajen amsa cewa ba a sani ba, ga Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira: an ruwaito cewa an yi masa tambaya 48, ya amsa 32 da "ban sani ba".

Inda hanyar Sukurat da ta zaure suka rabu shi ne wajen wanda ke da ikon tambaya. Sukurat a kasuwa yake tare mutum, ya yi ta bin maganarsa har ta warware, kuma hakan ya ja masa ƙiyayyar da ta kai shi ga shan guba. A zaure ladabi ke gaba. Almajirin da ya ce "Allah gafarta malam, a sake mini" yabonsa ake, amma mai neman hujja sau biyu sai a fara kallonsa. Ladabin ya kare martabar karatu, wannan ba a musu. Sai dai ya ɗora gaskiyar "ban sani ba" kacokan a wuyan malami, babu mai taya shi ganowa.

Shi ya sa abin ke da ciwo a filayen fatawa na rediyo da bidiyoyin WhatsApp. Tambaya na bin tambaya, ta gado, ta saki, ta magani, kowace da amsarta a shirye. "Allahu a'alamu" tana nan a ƙarshe, amma da wuya a ji mai amsa ya ce a ba shi zuwa mako mai zuwa ya duba littafi.