Gizo Bai Taɓa Tuba Ba

A hutun da ya wuce na kwana biyu gida, nan Dutsi. Wani dare kuran ya yanke, ƙannena da ɗiyan maƙwabta sunka taru kan tabarma, kai bakwai bisa salula guda, suna kallon Kirikou karo na ban san nawa ba. Ba a jima ba batir ya mutu. Da kuka ya so tashi, sai kakarmu ta ce su matso ta yi musu gatana. Ta ɗauko ta Gizo da hankaki, wadda kowanenmu ya sani: ɓauren da ke tsakiyar ruwa, gashin da hankaki sunka ara wa Gizo don ya tashi sama, da yadda ya riƙa cewa kowane ɗan ɓaure nunanne shi ya riga ganinshi, har sunka fusata kowa ya zare gashinshi sunka bar shi bisa icce. Ana cikin haka ƙanena mai shekara takwas ya katse ta: "Kaka, shi Gizon ga mugu ne ko na kirki?"

Ta dube shi ta ce: "Kai mijin banza, yunwa ta ka cin shi. Mi ya kawo kirki nan?"

Tambayar yaron ce ta sa ni rubutun ga, don mu da munka tashi da gatana ba mu taɓa yin ta ba. Mun san Gizo ɓarawo ne, maƙaryaci, mai haɗama, mai tsamin baki, kuma duk da haka shi muke so ya tsira. Yaron da ya tashi da desan anime ya koyi wata ƙa'ida dabam: kowane labari yana da jarumi da mugu, kuma kafin a rufe sai mugu ya faɗi ko ya tuba. Ba laifinshi ba ne. Abin da anka ciyar da shi ke nan.

Wagga ƙa'ida tana da tarihi. Tun fim ɗin Snow White na 1937 gidan Disney yake cin abinci daga tatsuniyoyin Turai, amma sai ya wanke su tukuna. A wajen ƴan uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, da sunka fara buga tarinsu a 1812, ƴan uban Cinderella yanke yatsa da diddige sunka yi don takalmi ya shige su, jini na zuba. A fim babu wannan. Yarinyar ruwa ta Andersen ba ta samu ɗan sarki ba, kumfan teku ta zama, amma a fim ɗin 1989 an ɗaura aure, kowa ya tashi yana murmushi. Ba na cewa a nuna wa yara jini. Abin da nake cewa, tatsuniyar da anka cire wa haƙora ba ta iya tauna komi, kuma wagga hanyar ce duniya ta ɗauka a matsayin yadda ake mai da tatsuniya fim. Idan gobe wani daga cikinmu ya koyi zane da kwamfuta, ita zai tarar shimfiɗe gabanshi.

Ku ɗan yi tunanin Gizo a cikin wannan injin. Za a ba shi manyan idanu, a gyara mai harshe, a sa ya saci ɓaure sau guda, sannan Ƙoƙi ta yi mai nasiha, ya sunkuyar da kai ya ce ya daina. A ƙarshe a rubuto darasi. Kun ga irin su a salula, har da Hausa, zane mai tafiya kamar an ɗaure shi da waya, murya guda tana wa'azi. To wannan ba Gizo ba ne, ɗan lakkwal ne da anka sa wa ƙafa takwas. Gizon kakanninmu ya fito daga ƙasar da damina ke iya ƙin zuwa, inda rumbu ke ƙarewa tun hatsi bai yi bununi ba, inda ƙarami ba ya da abin da zai kare kanshi daga zaki da kura da sarki in ba wayo ba. Wanda ya san Arewa a watan bakwai da na takwas, lokacin da ake noma da ciki rabi, ya san dalilin da ya sa yara ke dariya idan Gizo ya cinye ƙwan kada ya kuma sa kadan ya ƙetare da shi ruwa. Ba koya musu sata ake ba. Ana nuna musu duniya yadda take, ana barinsu su yi hukunci da kansu.

Wani zai ce ai gatana ma tana koyarwa. Haka ne. A tatsuniyar ruwan Bagaja ɗiyar bora mai ladabi ta dawo da dukiya, ɗiyar mowa mai rashin kunya ta dawo da kutare da ƙudaje. Amma ku lura, a dare guda, bakin tsohuwa guda, ake yin ta da ta Gizo. Ɗaya ta ce ladabi na biya, ɗaya ta ce wani lokaci ɓarawo na kwana lahiya. Yaro ya kwanta da duka biyun. Masu fim sun ɗauki ta farko sun yar da ta biyu.

Yanzu Kirikou. Ina son fim ɗin ga, kada a fahimce ni baibai. Michel Ocelot, Bafaranshe da ya yi ƙuruciya a Gine, ya fito da shi a 1998, Youssou N'Dour ya yi mai kiɗa, kuma ya yi abin da Disney ba ta cika yi ba: ya sa jariri yana ta tambayar mi ya sa Karaba take mugunta. Manya na cewa ai mayya ce, shi ke nan. Yaro bai yarda ba, har ya isa wajen kakanshi cikin dutse ya ji gaskiya: wasu maza ne sunka danne ta sunka soka mata ƙaya a gadon baya, da wannan zafin take kwana take tashi. Ya kuma gano ba ita ta ƙafar da maɓuɓɓugar gari ba, ba ta cinye mazan ba. Wannan tunani ne mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin an nuna wata tsohuwa da yatsa a unguwa an ce mayya ce ya san inda ƙayar take.

Amma ku dubi ƙarshen. An cire ƙaya, an yi sumba, jariri ya zama saurayi nan take, ga aure, ga mazan gari sun dawo da kiɗa. Labari ya tashi daga Afirka ta Yamma ya sauka a fadar tatsuniyar Turai. Kuma garin Kirikou ba ya da suna, ba ya da kasuwa, ba ya da harshe sai Faransanci. Afirka ce ta kowa, wadda ba ta kowa ba. Ƙannena suna son shi, amma kallonshi suke kamar baƙon da ya yi kama da ɗan gida. Shi kuwa Kirikou bai taɓa yin laifi ba ko sau ɗaya. Ya fi kowa hankali, ya fi kowa gaskiya. In da zai gamu da Gizo a hanya, da nasiha zai yi mai.

Abin da ya fi ba ni haushi, muna zancen nan kamar ba mu da namu. Ku tambayi ajinku wa ya san Mustafa Alasan. Na gwada a namu, mutum biyu sunka ɗaga hannu, ɗaya ma ya ɗauka ɗan kokowa ne. Ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, makanike ne kafin ya shiga sinima, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada wajen Norman McLaren, kuma duk inda ake lissafa waɗanda sunka fara fim ɗin zane a Afirka sai an kira sunanshi. Ya daɗe zaune a Tawa, nan kusa da mu, yana aikinshi da ɗan abin da ke hannu, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, fim na kamar minti biyar: shugaban jamhuriyar kwaɗi zai tafi ziyara ƙasar maƙwabta, ga fareti, ga jirgi, ga gaisuwar manya, duk kwaɗi. Zamanin jam'iyya guda ne fa, ƴancin kai bai fi shekara shida ba. Bai kira sunan kowa ba. Bai buƙata.

Nan ne nake ganin ya fi Ocelot fahimtar gatana, ko da yake zanenshi bai kai na Ocelot kyau ba, layi ne kawai baƙi bisa fari. Ya gane cewa abin da tatsuniya ke ba mai fim ya wuce labarin da za a kwafa. Tana ba shi izini: ka sa wa babba fatar dabba, ka yi mai dariya a gaban jama'a, ka tashi lahiya. Abin da tsofaffi ke yi da kura da zaki ke nan tun kafin a san kamara. Daga baya ya yi Samba le grand a 1977 da ƴan tsana, daga tsohon labarin jarumi da gimbiya, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga fili suna kokowa da makaɗa gefe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin kokowa bayan girbi zai gane kirarin, da taƙamar, da yadda ake zagaya juna. Ba wanda zai ce wannan Afirkar ko'ina ce.

(Wasu abokai a ƙungiyarmu suna mafarkin fim ɗin zane kan Sarauniya Mangu. Ina tare da ku, amma da sharaɗi. Abin da ya faru a Lugu a 1899 da rundunar Voulet da Chanoine tarihi ne, ba gatana ba, kuma mutanen garin suna nan da ransu. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, kowanensu ya ƙara nashi gishiri. Idan mu kuma munka ƙara mata siririn ƙugu da waƙar soyayya, gara mu bar ta.)

Akwai abu guda da ko Alasan bai iya sa wa cikin fim ba, kuma ya kamata mu yarda da shi tun yanzu. Gatana ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai yi ya buɗe, sai an amsa mai kafin ya ci gaba. In an zo waƙa, yara ke amshi. Kakarmu tana tsawaita wuri in ta ga ana dariya, tana gajarta shi in ƙarami ya fara gyangyaɗi, tana sa wa kura halin wani maƙwabci ba tare da ta kira shi ba, kowa ya gane. Fim kuwa jiya da yau ɗaya ne. Shi ya sa ban yarda da masu cewa desan anime zai ceci tatsuniya ba. Zai iya ajiye gawar labarin. Amma zai iya kuma barin ƙofa buɗe: a yi waƙar yadda yara za su amsa, a yi shi da Hausar Arewa ba da ta littafi ba, a bar wa Gizo tsamin bakinshi, a rufe ba tare da an gaya wa kowa darasi ba. Wannan ba ya buƙatar kuɗin Disney. Alasan da hannu ya yi zanenshi, takarda bayan takarda, mu kuwa kusan kowane aji akwai mai cika bayan kayenshi da zane lokacin darasin lissafi.

A daren nan, kuran ya dawo daidai lokacin da Gizo ke bisa bayan kada tsakiyar ruwa, ƴan uwan kadan na ihu daga baya a maido shi, shi kuma yana ce wa mai ɗauke da shi wai cewa suke ya yi sauri. Huɗu daga cikin yaran sunka ruga neman sharja. Uku sunka zauna, har da mai tambayar. Kaka ta kakkaɓe zanenta ta ce tunda an watse mata, sauran sai gobe. Ƙanen nawa ya biyo ni har ɗaki yana roƙo in gaya mai ko an kama Gizo. Na ce ya je ya tambayi mai gatanar.