Tagulla da Mulki: Nazari a Kan Ayyukan Ben Enwonwu a Gine-ginen Gwamnati

1.0 Gabatarwa

Duk mutum-mutumin da hukuma ta ba da aikinsa yana da iyayengiji biyu: mai biyan kuɗi da mai fasaha. Wannan muƙala ta duba ayyuka uku na tagulla da Ben Enwonwu (1917-1994), haifaffen Onitsha, ya yi wa hukumomi a Legas, domin gano wanda ya rinjaya a kowane.

2.0 Ayyukan Uku

Mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda ya kammala a 1957 domin Majalisar Wakilai, shi ne ya fi ɗaure masa hannu. Sarauniya tana zaune, hannuwa bisa cinya, cikin natsuwa irin ta masu mulki. A fuska kaɗai ya sami sarari, har wasu masu sharhi a Ingila suka ce ya ba ta kamannin Afirka. Amma darajar aikin ta rataya ne ga sarautar, kuma a 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya.

Sango (1964), da aka kafa a gaban hedikwatar hukumar lantarki ta wancan lokaci a Marina, ya nuna ubangijin tsawa na Yarabawa ɗage da gatarinsa mai baki biyu. Ƙirar jikin tana da ƙarfi, sai dai kwatancen ya yi kusa ainun: tsawa ga lantarki. Mai kallo yakan gama fahimta tun kafin ya gama kallo, kuma ma'anar takan hau ta sauka gwargwadon yadda jama'a ke ganin hukumar.

Anyanwu (1954-1955), a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, ya sha bamban. Sunan na Ibo ne, ma'anarsa "idon rana". Mace ce siririya mai adon sarautar Benin, ta yunƙuro sama, ƙasan jikinta ya tsuke har ya zama tsini. Ba ta wakiltar wani mai mulki ko wata ma'aikata. Yunƙurin shi ne saƙon. Wannan siffa ce Nijeriya ta zaɓa ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta a 1966.

3.0 Kammalawa

Tagulla takan fi gwamnatoci tsawon rai. Saboda haka, ma'aunin irin wannan aiki shi ne abin da ya rage masa bayan mai ba da aikin ya gushe. Bisa wannan ma'auni, Anyanwu ne ke gaba, domin a nan ne ikon mai fasaha ya fi na hukuma.