'Yar Tsana Mai Tarihi: Wane Labari Za Ta Ba 'Ya'yanmu?

A shekarar 1986 wata tsohuwar malamar makaranta a Amurka, Pleasant Rowland, ta fito da 'yan tsana uku, kowace da sunanta, da zamaninta, da littattafan da ke ba da labarin rayuwarta. Wannan ne mafarin American Girl. Iyaye suka yi ta rububin saye, har a 1998 kamfanin Mattel, mai Barbie, ya sayi sana'ar kan dala miliyan 700. A nan gida ma, Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a Legas a 2007, cikinsu har da Azeezah wadda aka yi wa shigar Bahaushiya. Yanzu masu hali a biranenmu sun fara nemo wa 'ya'yansu irin waɗannan, wasu har jera su suke a kabad.

Ni dai ina goyon bayan dabarar. Sai dai ina gudun mu ɗauki ɓawo mu zubar da ƙwaya.

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Yarinya a Bakura ko Mafara takan samu kara ko ƙashi, ta tsinto ƙyalle a gindin keken tela, ta ɗaura wa 'yarta zane da kallabi, ta goya ta. Har biki ake mata, da gara da kai amarya. A nan take fara koyon ɗinki da kitso da raino. Ta fuskar addini ma, ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma malamai da dama sun kafa hujja da hakan wajen halatta wa yara mata. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mai cikakkiyar siffa ba, ta tsumma marar zanen fuska ta wadatar. Abin da 'yar tsanarmu ta rasa shi ne labari. Ta roba mai jan gashi da ake kasawa ranar kasuwar Talata kuwa, ba labarin, ba koyon sana'ar hannun.

Idan aka ce tarihi, nan da nan sai hankali ya tafi ga sarauniya Amina ta Zazzau, ko 'Yargoje da Zamfarawa ke alfahari da ita. Sun cancanta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fi kowa dacewa da wannan aiki ta hanyar jajojinta, matan da take naɗa wa malfa da jan rawani, su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata, su jagoranci ɗalibansu, wato 'Yan Taru, zuwa wurinta. 'Yar tsana mai malfa, da ɗan littafin da ke bin wata yarinya da ta raka kakarta jaji a wannan tafiya, za ta koya wa 'yar shekara tara cewa karatun mata ba Bature ne ya kawo shi ƙasar nan ba. Shehun ma kansa ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma Faru da ya zauna tana nan cikin ƙasar Maradun.

Amma abin da ya fi burge ni a aikin Rowland shi ne ba ta bi sarakuna ba. Yaran nata talakawa ne da aka ƙirƙira, aka dasa su cikin zamani na gaskiya, kuma ba a guje wa ɗaci ba. A 1993 kamfaninta ya fito da Addy, yarinyar da ta tsere daga bauta tare da mahaifiyarta a 1864.

To, mu wace yarinya ce tamu? A wurina, yarinyar tsohuwar Maradun ce, a shekarun da kamfanin Impresit na Italiya ke gina dam ɗin Bakolori kan kogin Sakkwato, wanda aka kammala a 1978. Ta ga an tashi dubban mutane zuwa sabon matsuguni, ta ga ruwa ya cinye fadamar mahaifinta da kushewun kakanninta. A watan Afrilun 1980, manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyya suka haɗu da harsasan 'yan sanda a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa. Waɗanda suke 'yan shekara tara a lokacin yanzu sun haura hamsin, da yawa sun yi jikoki, kuma jikokin suna cin shinkafar Bakolori ba tare da sanin abin da aka biya ba. Ba cewa nake a zayyana wa yaro jini ba. Marubuci mai hikima zai iya tsayawa kan abin da yarinya za ta gani: ranar ɗaure kaya, akuyar da aka sayar, ƙawar da aka rabu da ita, waƙar Ɗanƙwairo daga rediyon maƙwabta, da uban da ya fita bai dawo ba.

Na san za a ce, mutanen da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki ina su ina 'yar tsana? Zancen yana da nauyi, domin a ƙaramar hukumar Talata Mafara ne aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. Amma hakan ne ya sa nake ƙara nacewa. Yarinyar da tsoro ya raba da aji tana buƙatar littafi a gida, da Hausarta, mai nuna mata cewa wata sa'arta ta taɓa shiga ƙunci a wannan ƙasa kuma ta rayu. Kuɗin 'yar tsanar Amurka guda ɗaya ya haura dala ɗari; ta tsumma da matan aure za su ɗinka a cikin gida, da littafi mai shafi ashirin, ba za su gagari manomi bayan girbi ba, kuma kuɗin a unguwa zai tsaya.

Masu tarawa a kabad su yi haƙuri. Wadda aka kulle bayan gilashi don baƙi su gani ta zama kayan jere. A bar yarinya ta goya ta, ta ɓata ta, ta sake ɗinke ta, uwa ko kaka tana karanta mata littafin da dare.

Kirana ga malaman makaranta da marubutan Zamfara: ku zauna da tsofaffin matan Maradun da Bakura tun suna raye, ku naɗi labarinsu da izininsu, ku rubuta shi daidai fahimtar yara. Mata masu ɗinki kuma ku shirya allura da zare. Iyaye, duk ranar da aka kawo muku 'yar tsana, ku tambayi mai sayarwa ina littafinta.