4.3 Tarken Ra'ayin Sauke Nauyin Tarbiyyar Addini a Kan Malamin Allo

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin auna ra'ayoyi biyu dangane da koya wa yara addini, tare da la'akari da yadda abin yake a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Ra'ayi na farko, wanda aka fi samu a tsakanin wasu masu tunani na Turai da Amurka, shi ne a ƙyale yaro har ya mallaki hankalinsa, sannan ya zaɓi abin da zai bi. Raunin wannan ra'ayi shi ne, yaro ba ya tasowa a fili fetal. Duk abin da iyaye suka bari, titi da abokai za su cike shi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 38, ya amince da matsayin iyaye, domin ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin wani addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Saboda haka wannan ra'ayi ba shi da gindin zama a yankin da ake nazari.

Ra'ayi na biyu shi ne ya fi bukatar tarke, domin shi ne ya samu karɓuwa a aikace. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa da zarar uba ya damƙa ɗansa ga malami ya tafi da shi almajirci, to ya sauke nauyin da Allah ya ɗora masa. Hujjarsu ita ce, karatu sai da baƙunci, kuma ta wannan hanya aka samu alarammomi. Ba a musun cewa tsangaya ta fitar da mahaddata, kuma tsarinta na babbaƙu da farfaru da haddatu har zuwa sauka tsari ne mai inganci. Sai dai tsarin ya rayu ne a kan gonar malami da zakkar hatsi da ɗawainiyar unguwa. Yanzu da tashe-tashen hankula suka raba mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da gonakinsu, kolo ya fi ɓata lokaci wajen bara a kan zama gaban allo.

Haka kuma, magabatan da ake kafa hujja da su ba su nuna haka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru domin ilimi ya isa ga matan ƙauye, wato iyayen yara. Hadisin da ya yi umurni da a sa yara salla tun suna shekara bakwai ma, da iyaye yake magana.

Gwamnati ta gwada nata magani: makarantun almajirai na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, da mayar da almajirai jihohinsu a 2020 lokacin annobar korona, da dokar kafa hukumar almajirai ta ƙasa a 2023. Duk waɗannan matakai sun fi duban makaranta da malami, ba su taɓa gida sosai ba.

Bisa ga haka, wannan nazari yana ganin cewa malami mataimaki ne, kuma taimako ba ya ɗauke wajibi. Malami zai iya koyar da harafi da hadda da Ahalari, amma alwala da gaskiya da kunya a gida ake fara ganinsu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya tura ɗan shekara shida wata ƙasa ba guzuri ba ziyara, bai koyar da shi addini ba tukuna, ko da yaron ya dawo da allon zayyana.