4.3 Littattafan Yaƙi da Aljanu da Ban Tsoro a Kasuwar Sabon Gari: Wa Ke Zaɓar wa Makaranci?

4.3.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a dubi wani rukunin littattafai da manazarta ba su cika waiwaya ba, wato littattafan yaƙi da sihiri, da na aljanu da ban tsoro, da kuma ƙagaggun labaran kimiyya. Tun daga 1994, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya yi amfani da sunan "Adabin Kasuwar Kano", har zuwa muhawarar da ta gudana tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu a jaridu, littattafan soyayya ne suka fi shan tawadar masana. Ra'ayin mai wannan bincike shi ne, da yake masana sun bar wannan gurbi, mai sayar da littafi a Kasuwar Sabon Gari ne ya zama alƙalin da ke faɗa wa makaranci abin da zai karanta, kuma ma'auninsa ya yi tasiri a kan yadda ake rubuta littattafan.

4.3.2 Tushen Waɗannan Labarai

Kuskure ne a ɗauka cewa waɗannan labarai baƙi ne a adabin Hausa. Idan aka dubi littattafan gasar 1933, za a ga cewa a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai da taimakon aljanu Alhaji Imam ya kai ga ruwan da ya fita nema. Haka kuma a Ganɗoki na Bello Kagara, tauraron ya bar fagen yaƙi da Turawa ya shiga duniyar aljanu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya samo tushe daga labarin wani jarumin ƙasar Rasha. A fannin kimiyya kuwa akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara sauka a kan wata. Ga kuma tasirin Dare Dubu da Ɗaya da sauran hikayoyin Larabci. Saboda haka marubuta irin su Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, da Aliyu Abubakar Sharfaɗi mai Malikussaif, da Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da Nazir Adam Salih, da Maje El-Hajeej Hotoro mai Sirrinsu, tsohuwar gona suka tarar suka ci gaba da nomanta.

4.3.3 Ma'aunin Ɗan Kasuwa

Bambancin da ke tsakanin rukunin farko da na biyu shi ne hanyar da littafi ke bi kafin ya isa hannun makaranci. Littattafan farko hukuma ce ko kamfanin ɗab'i a Zariya ke tace su, sannan malamin makaranta ya sa ɗalibi ya karanta. Na biyun kuwa, marubuci ne ke buga abinsa, ya kai wa dillali a Kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi, daga nan masu sari su kwasa zuwa wasu garuruwa da shagunan haya na unguwanni. A shekarun 1990 da farkon 2000, matashin da ya zo saye ba ya da wata mujalla da zai duba sharhi. Tambaya ɗaya yake yi: "Alhaji, wanne ne ke ci yanzu?" Amsar da aka ba shi ita ce sharhin.

Shi kuwa ɗan kasuwa abu uku yake dubawa. Na farko sunan marubuci, domin suna ne ke sayar da kaya. Na biyu hoton bango, ko akwai takobi da dodo da jini. Na uku, ko labarin ya tsaya a inda dole makaranci ya dawo neman na biyu da na uku. Ba a ganin laifinsa, domin jarinsa yake karewa. Sai dai duk cikin ukun babu wanda ya shafi jigo ko zubi da tsari ko sarrafa harshe.

4.3.4 Ƙarfi da Raunin Littattafan

Adalci ne a fara da yabo. Littattafan yaƙi sun raya kalmomin da suka kusa ɓacewa daga bakin matasan birni, kamar sulke da garkuwa da lifidi da kwalkwali da barde, tare da salon kirari. Na ban tsoro kuwa sun taɓo abin da ke damun jama'a da gaske, wato tsafi don neman dukiya da ƙungiyoyin asiri. Haka nan sun jawo samari da yawa zuwa ga karatun boko da Hausa.

Rauninsu kuwa daga ma'aunin da aka ambata ya taso. Da yake ana son labari ya kai juzu'i da yawa, sai a riƙa maimaita gumurzu iri ɗaya, dodo kawai ake sauyawa. Sau da yawa jarumi ba ya da wani rauni, kuma duk sanda ya shiga tsaka mai wuya sai wani zobe ko aljani da ba a taɓa ambata ba ya ɓullo ya cece shi. Wannan yana kashe zullumin makaranci, domin ya riga ya san ba abin da zai sami tauraron. Akwai kuma yawan kai labari wasu birane masu sunayen Larabawa, alhali tarihin Kano da Katsina da Gobir da Kabi cike yake da yaƙe-yaƙe. Fannin kimiyya shi ya fi shan wuya, domin abin da kasuwa ba ta saba da shi ba, dillali ba ya son ya zuba kuɗinsa a kai. Shi ya sa har yanzu littafin Umaru Dembo ne ake fara ambata idan ana maganar wannan fanni.

4.3.5 Naɗewa

Yau cinikin bugaggun littattafai ya ja baya ƙwarai, kasuwar ma ta yi fama da babbar gobara a 2016, karatu kuma ya koma cikin waya da sauraron labarai a YouTube. Amma matsalar tana nan, domin yawan masu sauraro ne ya maye gurbin bakin ɗan kasuwa. Bisa ga haka, wannan bincike yana ba da shawarar cewa kafin malami ko manazarci ya ce wa ɗalibi ya karanta littafi irin wannan, ya auna shi da tambayoyi uku. Shin sihirin da ke cikinsa yana da ƙa'ida da iyaka? Shin tauraron ya yi asarar wani abu kafin ya yi nasara? Shin in an cire yaƙin da dodannin, akwai sauran labari? Ruwan Bagaja ya tsallake tambaya ta uku cikin sauƙi, domin ko ba aljanu, wasan da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya isa ya riƙe makaranci. Duk littafin yau da ya amsa ukun ya cancanci shiga aji, ko da kuwa a kan tebur a kasuwa aka saye shi.