Dafi da Guba a Cikin Wasa

Masu iya magana sun ce da wasa a kan gaya wa wawa magana. Wasa ba abin rainawa ba ne, domin abin da yaro ya saba yabo a dandali shi ya kan tashi yana ganin girmansa. Saboda haka ya kamata a riƙa auna dokokin wasa kamar yadda a ke auna hatsi a kasuwa, a ga ko mudun cikakke ne. Dokar da za a auna a nan ta wani wasa ce na Turawa, wadda ta ce mutumin kirki ba ya taɓa dafi. Ma'aunin kuwa shi ne tarihin ƙasar Gumel da abin da malamai suka karantar.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Waɗansu mutane biyu na ƙasar Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi cikin 1974. Kamarsa kamar tatsuniya ce, sai dai a nan masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Samari su kan kewaye tebur, wannan ya ce shi barde ne, wancan boka, wani ɓarawo. Mutum ɗaya ya zama alƙalin wasa, shi ke ba da labarin dodanni da kogunan dukiya, ya tambayi kowa abin da zai yi. In aka zo wurin sara ko suka, sai a jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na lido, lambar da ta fito ita ke nuna wanda ya yi galaba. Ba a zuba kuɗi, ba kuwa jinin da ke zuba. Amma kowane ɗan wasa sai ya faɗi halin mutumin da ya ɗauka, na kirki ne ko mugu, littattafan wasan kuma su tsara abin da ya dace da kowane hali.

To, a littafin 'yan wasa na 1978 an hana jarumi mai tsoron Allah taɓa dafi har abada, aka sakar wa makashin haya, wanda dokar ta ce tilas mugu ne. Har an rubuta cewa in mutanen gari suka hangi dafi a bakin makaminsa, suna iya far masa, ko su yi kururuwa a kira dogarai. A wani littafi na 2003 aka ƙara bayani, aka ce amfani da dafi mai raunana jiki mugun aiki ne, don yana jawo azabar da ta wuce kima. Da aka zo 2014, sabon littafin 'yan wasa ya sa kwalbar dafi cikin jerin kayan sayarwa, tare da igiya da fitila, kuɗinta zinariya 100, bai ce uffan game da kyau ko muninta ba.

Aibin farko na tsohuwar dokar shi ne ta tara abu biyu cikin kalma ɗaya. Bahaushe ya raba su tun da daɗewa. Dafi shi ne na bakin kibiya, wanda abokin gaba ya san da shi tun kafin ya ɗaura sirdi. Guba ita ce wadda a ke barbaɗawa a tuwo ko a dama a fura, a miƙa wa mutum da fara'a. Wanda ya haɗa su ya yanke musu hukunci ɗaya, ya yi kamar alƙalin da ya ɗaure mai gadi tare da ɓarawo don ya ga kowannensu da sanda.

Tarihin Gumel ya isa shaida. Wannan masarauta, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno ta ke bi. Ga Kano da Haɗejiya a kudu, ga Damagaram a arewa, ita kuwa tana tsakani kamar hatsi tsakanin duwatsun niƙa. Yaƙinta da Haɗejiya bai lafa ba sai 1872, Sarkin Damagaram Tanimu kuwa, wanda ya yi mulki har 1884, igwa ya ke sa a ƙera masa a Zindar. Ƙasar fili ce mai yashi, ba dutsen da za a hau a ɓuya, doki ya kan yi gudu yadda ya so. In mahara suka fāɗo wa ƙauye da asuba don kamun bayi, su ke da sulke da lifidi da kwalkwali. Manomi ba shi da ko ɗaya. Abin da ya mallaka shi ne kafin gari, da baka, da kwari. Kibiyar kara kuwa ba ta da nauyin da za ta kā da doki, in ba a shafa mata dafi ba ba ta fi tsinke ba.

Dafin nan a kan dafa shi da 'ya'yan kwankwani, waɗansu su ƙara da ƙaron tinya, kowane gidan maharba da nasa sirri. Aikinsa tsayad da zuciya ne. Turawa ma sun ɗanɗana shi, don a yaƙin Burmi na 1903 kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunarsu. Wani abin mamaki kuma, daga dangin wannan itace likitocin Turai suka fid da maganin ciwon zuciya tun cikin ƙarni na 19. Watau ita 'ya'yan itacen ba ta da hali, halin na mai riƙe da ita ne.

In aka kawo wannan labari kan teburin wasa aka bi dokar 1978, sai ga barden da ya zo kamun bayi ya fita da farin suna don takobi ya riƙe, manomin da ya tsare 'ya'yansa kuwa ya shiga sahun miyagu. Dokar nan ra'ayin mahaya ce. Ko'ina a duniya mai doki da sulke ya kan raina makamin da ke iya kā da shi daga nesa, ya kira shi makamin matsorata, alhali kuwa laifin makamin ɗaya ne, watau talaka na iya mallakarsa.

Aibi na biyu ya fi ban dariya. Wasan da ya hana dafi don azabarsa, shi ne ya bar bokan kirki ya jefa dunƙulen wuta ya babbake runduna, ba wanda ya ce ya yi laifi. Duk wanda ya taɓa ganin ƙunar gobara ya san ba ta fi dafi sauƙi ba. Littafin 2003 kuma, bayan ya gama la'antar dafi, sai ya ƙago wa mutanen kirki wani abin shafawa a makami, mai raunana jiki kamar dafi, aka ba shi wani suna, aka ce miyagu kaɗai ya ke kamawa. An dai sāke wa tuwo suna ke nan.

Duk da haka ba daidai ba ne a watsar da dokar baki ɗaya, don akwai gaskiya a gindinta wadda masu ita ba su iya faɗi ba. Wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa harbi da kibiya mai dafi cikin abubuwan da aka hana a yaƙi. Masu sharhi sun kawo dalili, suka ce don gudun kada abokan gaba su tsince ta su maido wa masu ita, waɗansunsu kuma suka tsaya a kan karhanci. A babin farauta ma an ce naman da ba a tabbata ba ko kaifin kibiya ne ya kashe shi ko dafinta, ba a ci. Shi ya sa maharbi ya kan yi hanzari ya cim ma dabbar da sauran ranta ya yanka, sa'an nan ya ƙwaƙule wurin harbin ya yar. Ƙasashen duniya su ma da suka taru a birnin Hague cikin 1899 da 1907 sun hana dafi da makami mai dafi a fagen fama, ko da ya ke hanin bai hana su busa wa juna iska mai guba cikin 1915 ba.

Hikimar hanin a fili ta ke. Mai takobi yana iya janye hannu in abokin karawarsa ya ce ya tuba. Dafi ba ya jin tuba. Wanda kibiya ta kurje a ƙafa, wanda da zai warke ya koma gona, sai ya mutu bayan an tashi daga yaƙi, watakila ma bayan an yi sulhu. Saboda haka ɗan baka na bayan kafi mai uzuri ne, larura ce ta kai shi, amma abin da larura ta halatta ba ya zama abin taƙama.

Guba kuwa ba ta da uzuri ko ɗaya. Ba ta shiga cikin mutum sai ta ƙofar amana. Ba mai karɓar ƙwarya daga hannun wanda ya ke tsoro, sai daga hannun mata, ko ɗan'uwa, ko mai masauki. A Haibara, cikin shekara ta 7 bayan Hijira, wata mace ta kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshiyar akuya mai guba da sunan kyauta, sahabinsa Bishru ɗan Bara'u ya ci ya rasu. Da ba a yarda da kyautar ba, da gubar ba ta sami hanya ba. Ɓarnarta kuma ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Akushi ɗaya mutum biyar ke sa wa hannu, almajiri ya zo ya kwashe saura. Bayan haka kuma zargi ya shiga gida, kowa ya riƙa duban tuwon ɗan'uwansa da wutsiyar ido, zumuncin shekaru ya watse. Tsofaffin da ke yi wa jikoki tatsuniya sun gane wannan sarai, don a bakinsu kishiyar da ta yi wa 'yar miji makirci ba ta gamawa lafiya, ƙaiƙayi ya kan koma kan masheƙiya.

Wannan kuwa ba zancen dā kaɗai ba ne. Kwari da baka sun koma ratayen bango, sai ran hawan salla a ke ganinsu, amma shinkafar ɓera da fiya-fiya suna nan a kasuwanni, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ba kuwa safai a ke tambayar mai saye abin da zai yi da su ba. Lokaci lokaci a kan ji a rediyo an zuba wa wani a abinci. Shi ya sa shirun littafin 2014 shi ma aibi ne. Yaron da ya saba a wasa cewa guba kaya ce kamar igiya, a saya a zuba wa sarki a kofi a kwashe lada, an rage masa ƙyamar abin da ya kamata ya tashi yana ƙyama.

Hukuncin da ya dace shi ne alƙalin wasa, da mai ba da tatsuniya, da mai rubuta littafin hira, su bar duban makami su dubi abu uku. Wa ya fara kawo hari? Wanda aka nufa ya san ana gaba da shi, ko kuwa ya saki jiki ne don ya yarda? In ya nemi gafara, akwai sauran hanyar janye hannu? In an bi wannan, maharbin ƙauye zai fita da mutuncinsa, ko da ya ke za a nuna nauyin abin da ya ɗauka. Barden da ya zo zalunci ba zai ɓuya a bayan ƙyallin takobinsa ba. Mai zuba guba a fura kuwa, a bar ɗan wasa ya ɗauki halinsa in ya so, don labari ba ya daɗi sai da mugu, amma a bar labarin ya biya shi daidai aikinsa: abokan tafiyarsa su daina cin abinci tare da shi, ƙofofin gari su rufe masa, ya kwana yana shinshina ruwan shansa. Kowa ya ci amana, amana ta ci shi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya kiyashe gidaje daga cin amana, ya sa wasan yara ya zama mai amfani gare su, amin.